Igiyar Keken da Ban Cire Ba

Ƙofar Wambai, Bauchi

Zuwa ga Habiba, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Abuja lami lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutanen hanya. Innarki tana gaishe ki, ko da yake yanzu haka da nake rubutun nan ga ku can tsakar gida kuna musu kan ko kuka da daddawa za su shiga akwati. Za su shiga. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune da matar nan ban taɓa kayar da ita a musu ba, ba ke za ki fara ba.

Na ce kada ki buɗe takardar sai mota ta wuce Miri, domin abin da ke cikinta ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma yau kunyarki nake ji kamar yadda na ji tata.

Ran Talata muna cin tuwo kika ce shugabar ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki 'yar jiharmu ce, sunanta Rifkatu, mahaifinta tsohon tela ne daga wajen Bogoro. Kika yi dariya kika ce, "Baba, ƙila ma kun san juna." Na ce tuwon ya yi zafi, na ajiye loma. Tuwon bai yi zafi ba, Uwata. Mahaifin Rifkatu shi ne Iliya, mutumin nan dogo da ke riƙe da ɗaya gefen ƙyalle a hoton da ke rataye a shagona. Hoton nan da kika taso kina nuna wa ƙawayenki na jami'a kina cewa babanki ma ya yi zanga-zanga a zamaninsa. Ban yi ba. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina kafin ki ji a ofishin mutane.

Bari in fara daga inda yake da daɗi.

Ba ki san layin teloli na Wunti a wancan zamani ba. Shaguna ne na kwano a jere, in gari ya waye kekuna suka tashi baki ɗaya, sai kin ɗaga murya kafin maƙwabcinki ya ji ki. Shagon Iliya na manne da nawa, allon katako ne kawai a tsakaninmu, har mun huda shi don miƙa wa juna almakashi da zare. Kullum da hantsi mai masa za ta kawo mana faranti ɗaya, masar Bauchi ta gaskiya mai faɗi, da miya da ƙuli, mu ci tare muna zagin gwamnati. Watan azumi Iliya ba ya cin komai a gabana, sai ya zagaya bayan shago. Idan Sallah ta matso ya ajiye nasa ɗinkin ya taya ni, idan Kirsimeti ta zo ni ma in taya shi. Rigar Kirsimeti ta farko da Rifkatu ta sa ni na ɗinka mata, ja mai tattara a ƙugu. Ban san ko za ta tuna ba, lokacin ko makaranta ba ta shiga ba.

Iliya yana zaune a Yalwa, a kan keken hawa yake zuwa kasuwa. Hausarsa irin tasu ce, ya kira mace "kai" ya kira namiji "ke" ba ruwansa. In na yi masa dariya ya ce, "Sabo, Hausa naka ne, amma ɗinki nawa ne." Gaskiya ya faɗa. Har yau ban ga telan da ke sa aljihu kamarsa ba.

Kuskurena na farko ya girmi wannan labari, shi ne son yabo. Tun ina saurayi in aka buga gangar siyasa jikina rawa yake. Na hau bayan a-kori-kura na zagaye garin nan ina ɗaga tuta har muryata ta dishe, ba don na san abin da jam'iyya ta rubuta a takardunta ba, sai don in ɗan takara ya sauko daga mota yakan kama hannuna ya ce "Sabo namu". Kalmar nan "namu" ta daɗe tana juya ni. Ke ma na ga alamarta a tare da ke, kada ki musa. Ranar da aka sa hotonki a waya kina jawabi a Yalwa, sau nawa kika shigo kina karanta mana abin da mutane suka rubuta a ƙasa? Ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin yabo. Amma ki riƙa lura da wanda yabonsa ya fi yi miki daɗi, ki tambayi kanki me yake nema a wurinki.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, na farko, na lokacin soja. Ku kuna ganin wahala a kanku aka fara ta, da man fetur da mudun shinkafar da ya gagari mai albashi. Mu ma mun sha tamu. An sallami ma'aikata, yadi ya yi tsada, zare ya yi tsada, mutumin da ke ɗinka wa iyalinsa kaya kala uku a Sallah ya koma kawo tsohuwar riga a juya mata wuya. Na ga magidanta masu mutunci sun tsaya layin sabulu da madara tun safe har azahar. Ana cikin haka hukuma ta sa haraji a kan kowane keken ɗinki. Wanda bai biya ba a zo a kwance kan kekensa a jefa a mota. Tela kuwa in an ɗauke masa kan keke, tebur kawai aka bar masa.

Wannan ne ya sa muka kafa ƙungiyar teloli. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya muke taruwa bayan la'asar ranar Asabar. Aka naɗa ni shugaba saboda bakina, aka naɗa Iliya mataimaki saboda hankalinsa. Telolin cikin gari suna bina, na Yalwa da kewaye suna bin sa. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata kamar zaman nan ba. Mutum ya tashi ya faɗi damuwarsa, wanda ba addininsu ɗaya ba ya ce, "Ni ma haka." Har yau in na bi ta wurin nakan rage tafiya, ko da yake an sare bishiyar an gina shagunan waya.

Muna da wata al'ada a layin. Idan tela ya rasu, kowa zai cire igiyar kekensa, wato igiyar fatar nan da ke haɗa ƙafa da kai, wadda yaran yanzu ke ce wa bel, ya rataye ta a ƙofar shago har a dawo daga maƙabarta. Keken da ba igiya ko an taka ba ya motsi, saboda haka layin kan yi tsit, duk kasuwa ta san an yi rashi. Iliya ne ya kawo shawarar mu yi haka ranar kai kuka. Kowa ya cire igiyarsa ya riƙe a hannu, mu taka a ƙasa har ofishin hukuma, mu miƙa takarda, mu dawo. Ba jifa, ba zagi. Muka sa ranar Alhamis da ƙarfe tara. Muka yi alkawari cewa shugaba ne zai fara cire tasa, shi ne alamar tashi. Ni da shi muka ɗinka ƙyallen nan, ranar Laraba mai hoto ya ɗauke mu muna riƙe da shi. Hoton da kika sani ke nan, na jajibiri ne.

A lokacin soja sun ba da izini an sake kafa jam'iyyu, gari ya cika da 'yan takara. Akwai wani Alhaji Ɗanlami, jigon jam'iyya a mazaɓarmu, Allah Ya jiƙansa, mutum mai fara'a da kyauta. Shi ya fara aiko mana da benci ƙarƙashin darbejiya, daga baya lemo, daga baya ya zo da kansa "don gaisuwa kawai". Iliya ya ja ni gefe ya ce, "Sabo, wannan benci akwai ƙaya a ciki." Na ce masa ya cika zargi, ai mutum ba ya mayar da hannun kyauta. Kuskure na biyu ke nan. Ɗan takararsu yana ɗasawa da masu mulki, ba ya son a ga talakawa a titi ana gab da zaɓe, ni kuwa ban tsaya na haɗa wannan da wancan ba. Alhaji ya ba ni ɗinkin ankon jam'iyya gaba ɗaya a lokacin da wasu ke wuni ba su zura zare a allura ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na ci, kuma na ci da daɗi.

Ke ma za a kawo muku benci, sai dai naku zai zo da sunan taron bita a otal, da abinci kala-kala da kuɗin mota. Ban ce ki ƙi kowa ba, ƙungiya ba ta tafiya da iska. Amma duk wanda ya ɗauki nauyin taronku, ki san wane ne shi, ki san abin da ba ya son ku faɗa. In kin ga maganar da kuka taru dominta ta fara yi muku nauyi a baki in yana wurin, to askin ya zo.

Ranar Alhamis na fito da wuri da takardar koke a aljihu. Ina buɗe shago sai ga Alhaji Ɗanlami ya zo karɓar kaftanin ɗan takara, farar shadda, wadda na riga na yanka na haɗa, saura hannu ɗaya. Ya ce mai gida zai sa ta a taron yamma. Ya cire takalmi ya zauna a bencina ya aika a kawo shayi.

Na ce, "Alhaji, yau ba ma ɗinki."

Ya ce, "Haba Sabo namu, hannu ɗaya? Kafin shayin nan ya huce ka gama. Ni dai ba zan tashi ba sai da ita, ka rufa mini asiri."

Kin san halin tela, ba ya iya cewa a'a. Sai dai ya ce "yanzun nan", ya ce "gobe in sha Allahu". Da wannan baki muke rayuwa, har mutane na yi mana ba'a da alkawarin tela. Kuma yaya zan kori babban mutum daga shagona yana riƙe da kofin shayi?

Ana haka Iliya ya tsaya da kekensa a ƙofa, igiyarsa rataye a wuya, ƙyallen a naɗe a baya. Zai koma ya taho da mutanen Yalwa, mu haɗu a shataletale. Ya dubi Alhaji, ya dube ni.

Ya ce, "Sabo, lokaci ya yi."

Na ce, "Yi gaba, ga ni nan. Saura hannu ɗaya."

Maganar da nake faɗa wa masu ɗinki ita na faɗa wa abokina. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Layin ya yi tsit a lokacin, kowa na zaune hannunsa a kan igiya yana jiran shugaba. Sai na taka keke. A cikin shirun nan ƙarar keke ɗaya har bakin kasuwa ana jin ta. Maƙwabta suka ji, suka ce ai shugaba na ɗinki, an fasa ke nan. Na kusa da ni ya taka nasa, na gaba ya bi. Kafin in kai ƙarshen hannu layin gaba ɗaya ya ɗauka kamar kowace rana. Na ji su, Uwata. Ba zan ce miki ban ji ba. Ina iya miƙewa in daka tsawa in ce ku tsaya, ba a fasa ba. Amma Alhaji ya ɗaga rigar ya ce hannun ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, a farke a sake. Na farke. Na sake. Ya ce maɓalli. Can cikin raina na riga na gane abin da ya zaunar da shi, kuma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce na ji sanyi da aka ba ni dalilin zama, domin tsoro nake ji tun daga gida.

Iliya da mutanensa suka jira mu a shataletale har rana ta take. Da ba su gan mu ba suka tafi su kaɗai, ba takarda, don tana aljihuna. Aka tarwatsa su da duka kafin su isa. Ba dukan ne ya fi yi mini ciwo ba, abin da aka faɗa ne bayan haka. Tunda duk waɗanda aka gani a titi 'yan Yalwa ne, sai magana ta zagaye gari cewa ba teloli ba ne, wasu mutane ne 'yan gefe guda ke neman tayar da fitina. Kukan da muka haɗa tare, na zare da haraji da abincin yara, aka sa masa rigar addini da ƙabila. Da mun fito, ba mai iya faɗar haka. Ƙungiya ta mutu a makon nan, ba wanda ya sake zuwa ƙarƙashin darbejiya.

Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe. Duk ranar da za ku fita, kafin ki duba yawan mutane ki duba su wane ne. In kin ga duk irinku ne, masu Turanci da waya, ko duk 'yan unguwa ɗaya, ko duk masu salla ɗaya, ki sani za a raɗa wa fitarku sunan da ba ku kuka sa mata ba. Ku koma ku nemo mai kayan miya da ɗan acaɓa da malamar asibiti, ku nemo na masallaci da na coci. Kuma in ke ce aka ce za ki fara tashi, ki tashi, ko ki faɗa tun da wuri cewa ba za ki iya ba. Tsoro ba abin kunya ba ne in an faɗe shi a kan lokaci, mutane za su nemi wani. Ni ɓoye nawa na yi a bayan hannun riga.

Iliya ya yi mako biyu a tsare. Kafin ya fito an kwance kan kekensa, wanda ya ba shi hayar shago kuma ya ce ba ya son ɗan fitina. Ban je na gan shi ba. Kullum ina cewa gobe. Bayan wata guda na kai saƙo tashar Dass, sai ga shi da matarsa da Rifkatu da ƙullin kaya, za su koma ƙauye. Ya rame, yana ɗingishi. Na rasa inda zan sa kaina. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce, "Sabo, ka gama hannun?" Mota ta tashi ban ba shi amsa ba.

Harajin kuwa bayan zaɓe aka janye shi, ɗan takara ya ce shi ya roƙa mana. Ni ma ina cikin masu tafi.

Kuskurena na ƙarshe a kanki na yi shi. Kina 'yar shekara bakwai kika nuna hoton kika ce, "Baba, kai ne ka ja mutane?" Na yi murmushi kawai, kika ɗauka e ne. Daga nan kika gina abin da kika gina a kai. Lokacin da matasa suka fita kan tsadar rayuwa kwanakin baya, Innarki ta kulle ƙofa, kika tsaya kina kuka kina cewa, "Baba ma ai ya fita a zamaninsa." Ina zaune a kan tabarma na sunkuyar da kai. Kin zaci goyon bayanta nake yi.

Ba zan hana ki aikin nan ba, ina alfahari da ke, kuma ina jin tsoro, duka biyun. Ki yi hankali da 'yan sara-suka da ake turowa cikin taro don a ɓata shi, in kin ga an fara fasa shagon talaka ki janye mutanenki. Kada ki raina wanda bai fito ba, wataƙila in bai buɗe shago ranar ba gidansa ba a ɗora tukunya. Kada ki bar salla don taro. Ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa, ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta huce a kaina.

Ga roƙona. Ranar da kika fara aiki, kafin a nuna miki kujera, ki shiga wurin Rifkatu ki gaishe ta da ladabi, Anti za ki ce mata. Ki ce ke 'yar Sabo Tela ce na layin Wunti. Na san abin da nake ɗora miki. Wataƙila ta san sunan, wataƙila da shi aka rene ta, wataƙila ma aikin ya yi miki wuya daga ranar. In haka ta faru ki yafe mini, laifina ne ya biyo ki. Amma ba na son ki fara aikin gaskiya da ɓoyon da na gadar miki.

Ni ma ba zan bar ki ki ɗauka ke kaɗai ba. Na yi tambaya a wurin masu motar hanyar, sun ce Iliya yana raye a wani ƙauye bayan Bogoro, idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki. Da na ce miki zan je wani lokaci, kin san alkawarin tela. Saboda haka ɗazu bayan la'asar na je shago na cire igiyar kekena, ga ta nan a aljihun rigata tare da takardar koken, wadda ta yi ja don tsufa. Akwai ɗinkin mutum uku a kan tebur, su yi haƙuri. Idan na sa ki a mota da safe ba gida zan koma ba, tashar Dass zan wuce. Lokacin da kike karanta wannan ina hanya. Ban san ko zai karɓe ni ba. Tambaya ya yi mini shekara talatin da wani abu da suka wuce, zan je in ba shi amsa.

Allah Ya tsare mini ke, Uwata, gaba da baya, dama da hagu. Ya haɗa ki da abokan aiki na gari, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da mahaifinki ya rasa, Ya sauƙaƙa wa talakan ƙasar nan. Yayyenki suna gaishe ki. In kin sauka ki kira Innarki tukuna. Ni ki bari sai yamma, in kin ji wayata ba ta shiga kada ki damu, an ce garin ba sabis sosai.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo Tela